Gwanjon Zanen Katun: Me Mai Saye Yake Kaiwa Gida?

A wurinmu idan an ce gwanjo, abin da yake fara zuwa a rai shi ne tulin riguna da wanduna a bakin kasuwa, kayan da wani ya sa har ya gaji da su, talaka ya samu da araha. A manyan gidajen gwanjo na New York da Landan kuwa, irin su Christie's da Sotheby's, al'amarin dabam yake. Can masu hali ne suke zama a jere, kowa yana ƙara tayi a kan na wani, har mai gwanjo ya buga guduma ya sallama wa wanda ya fi. A watan Mayu na 1989, a gidan Christie's na New York, aka sayar da wata ƴar leda mai zanen agwagwar nan da ake kira Donald Duck, baƙi da fari, tare da zanen wurin da aka ɗora ta a kai, a kan dala 286,000. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ledar ta fito daga wani gajeren fim na kamfanin Disney na 1934 mai suna Orphan's Benefit. Irin wannan leda kuwa, yawanci lokacin da take yi a gaban masu kallo bai kai ƙiftawar ido ba.

Ban ga laifin mutum ya so kyakkyawan abu ya biya kuɗinsa ba. Abin da nake so mu duba shi ne mudun da gidan gwanjo yake auna wannan sana'a da shi, ko cikakke ne ko tauyayye. A ganina an tauye shi a wuri uku. Amma kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin ledar, gama wanda bai san aikin ba ba zai iya hukunta farashin ba.

Fim ɗin zane, wanda yara suke kira katun, hotuna ne tsayayyu da ake nunawa a jere da sauri, guda 24 a kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Da fari sai an sāke zana kome da kome a kowace takarda, mutum da ɗaki da itatuwa. A 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya yi rajistar dabarar da ta rage wannan wahala. Sai a zana wurin sau ɗaya a takarda mai kauri, ko daji ne ko ɗaki, sa'an nan a zana abin da yake motsi a kan leda mai garai-garai kamar gilashi, a ɗora ta a kan zanen wurin, a ɗauki hoto, a cire ta a sa ta gaba. Wannan ledar ce Turawa suke kira sel, daga sunan robar da aka fara yin ta da ita. Fim ɗin Snow White and the Seven Dwarfs, wanda aka fara nunawa a Los Angeles ran 21 ga Disamba 1937, tsawonsa minti 83 ne. In an lasafta, hotuna kusan 120,000 ke nan, kuma a hoto ɗaya akan jera leda biyu ko uku ko huɗu, kowace da nata rabo na zanen.

Aikin a rarrabe yake kamar na masaƙa, inda mai kaɗi dabam, marini dabam, mai saƙa dabam. Babban mai zane yakan zana muhimman matakan motsin da fensir a takarda, yana juya takardun da yatsunsa don ya ga ko abin ya yi rai. Mataimakinsa ya gyara layukan su fita sarai. Wani kuma ya cike zanukan da suke tsakani. Daga nan takardun su tafi sashen tawada da fenti. Mai tawada ta ɗora leda a kan takarda, ta bi layin fensir da alƙalami a fuskar ledar. Mai fenti ta juya ledar, ta cika launuka ta baya, don kada buroshi ya ɓata layin. Watau ledar da ake rataye a bango, babban mai zanen da ya ƙirƙiro motsin bai taɓa ta da hannunsa ba ko sau ɗaya.

Shekaru da yawa masu kamfanoni ba su ɗauki ledar a bakin kome ba. Da an gama ɗaukar hoto, sai a wanke tawada da fentin a sāke amfani da ita, domin sabuwa tana da tsada. Chuck Jones, wanda daga baya ya yi suna da finafinan Bugs Bunny, da wankin leda ya fara sana'a a kamfanin Ub Iwerks. A farkon shekarun 1960 kamfanin Warner Bros. ya hallaka yawancin tsofaffin zanukansa domin ya sami wurin ajiya. Disney ne ya fara ganin akwai ciniki a ciki. A 1938 ya yi yarjejeniya da Guthrie Courvoisier, mai gidan sayar da zane a San Faransisko, aka fara sayar da ledojin Snow White a cikin firam, kuma cinikin ya ci gaba har 1946. A shekarar 1938 ɗin nan kuma babban gidan tarihin zane na Metropolitan a New York ya karɓi kyautar leda mai zanen ungulai biyu daga fim ɗin. Duk da haka farashi bai yi sama ba. Daga 1955 zuwa 1966 akwai wani ƙaramin kanti a filin wasa na Disneyland inda baƙo yake iya sayen leda ta ainihi da dala ɗaya ko ƴan daloli kaɗan, kamar yadda ake sayen tsaraba.

Abin ya juya ne a watan Disamba na 1984. Wani tsohon ma'aikacin Disney, John Basmajian, wanda ya yi aiki can a shekarun 1940, ya kawo tarin ledoji da zanukan da ya adana kusan shekara arba'in, ya ba gidan Christie's ya sayar. Kamfanin ya kai ƙara kotu yana cewa kayansa ne. Shi kuwa ya ce zubarwa za a yi aka ba shi izini ya ɗauka. Alƙali ya ƙi hana gwanjon, aka yi ciniki na fiye da rabin miliyan na dala. Dole ne a nan mu ba masu tarawa girman da ya cancance su. Da ba domin irin su Basmajian ba, waɗanda suka ga daraja a abin da masu shi suka nufa da juji, da yawancin abin da ya rage na wannan zamani ya tafi tare da ruwan wanki. Tsadar gwanjo kuma ta sa mutane suka shiga bincike a ɗakunan ajiya da ƙarƙashin gadaje, aka fito da abubuwan da an fid da zuciya a kansu. Wannan alheri ne, kuma kasuwa ce ta jawo shi.

Tauyewa ta fari ita ce, abin da ya sa katun ya zama gwaninta ba ya cikin leda guda. Mu koma ga fim ɗin nan na 1934. Donald ya hau dandali zai yi wa marayu karatun waƙa, yaran suna ta yi masa shaƙiyanci, har haushi ya kama shi. Sai ya soma tsalle a wuri ɗaya, hannu ɗaya a miƙe, ɗayan yana lilo, yana ƙunƙuni da muryar da ba a jin kalmominta sosai. Mai zane Dick Lundy ne ya ƙirƙiro wannan tsallen faɗa, muryar kuwa ta Clarence Nash ce. Daga wannan fim halin Donald ya kafu, kuma saboda wannan hali ne mutane suke ƙaunarsa. To, tsallen yana tsakanin zane da zane, a yawan tazarar da Lundy ya bari daga wannan takarda zuwa waccan, da inda ya jinkirta da inda ya hanzarta. Wanda ya sayi leda guda ya sayi agwagwa a tsaye. Kamar mutum ne ya ji daɗin kiɗan kalangu, ya biya dukiya domin a ba shi bugu ɗaya ya ajiye.

Da yake gidan gwanjo ba ya iya sayar da motsi, sai ya ƙirƙiro nasa ma'auni. Ledar da ta fi tsada ita ce wadda sanannen ɗan wasan zane yake tsakiya, babba, yana fuskantar mai kallo, idanunsa a buɗe. Ledar da ta kama shi yana juya baya, ko ido a rufe, ko jikinsa a miƙe kamar danƙo a tsakiyar gudu, ba ta da kasuwa sosai, ko da yake sau da yawa a irin waɗannan ne mai koyon sana'a zai ga dabarar gwani. Tun zamanin Courvoisier ma an riga an kama wannan hanya. Akan yanke hoton daga ledarsa da almakashi, a manna shi a kan sabon wurin da ba a taɓa ganinsa a fim ba, wani lokaci takarda mai ado, wani lokaci siririn katako, domin ya dace da bangon falo. Abin da kasuwa take nema hoton fuska ne na wanda aka sani, kamar hoton sarki ko na ɗan ƙwallo.

Tauyewa ta biyu ta fi damuna, gama ta shafi mutane. Hannuwan da suka taɓa ledar, kusan duka na mata ne. Sashen tawada da fenti na Disney mata ne suka cika shi, sanye da farar safar hannu domin kada yatsa ya bar tabo, suna bin layin da bai kai kaurin gashi biyu ba, leda bayan leda, dare da rana sa'ad da lokacin fitar Snow White ya matso. Lillian Bounds, wadda Walt Disney ya aura a 1925, ita ma da aikin tawada ta fara. A shekarun 1930 kamfanin yakan amsa wa ƴan matan da suka nemi koyon babban zane cewa wannan aikin samari ne, su nemi tawada da fenti. A lokacin yajin aikin da aka yi a kamfanin a 1941, manyan masu zane suna samun har dala 300 a mako, ƙananan ma'aikata kuwa akwai mai samun dala 12. Sunayen talakawan sashen ba su fito a fim ba, kuma littafin gwanjo, wanda yake faɗin tsawon leda da faɗinta da sunan attajiran da suka mallake ta a dā, ba safai yake iya faɗin wadda ta zana ta ba. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2017 Mindy Johnson ta fito da babban littafi a kan tarihin waɗannan mata, mai suna Ink & Paint.

Sunan da yake ƙara wa leda kuɗi shi ne na Walt Disney, in an sami sa hannunsa a jikin firam. Amma Walt ya daina zanen fim da kansa tun a shekarun 1920. Ub Iwerks ne ya zana Mickey Mouse na finafinan farko a 1928. Har sa hannun ma, akwai ma'aikatan da aka ba izini su rubuta sunan maigidan a madadinsa, domin masu nema sun fi ƙarfinsa. Ba na rage wa Disney girmansa na shugaban aiki, gama shi ne ya ga abin da zai yiwu ya tara mutanen da za su yi shi. Sai dai kasuwar da take cewa darajar leda ita ce taɓawar hannun mutum, ita ce kuma take biyan kuɗi domin sunan wanda bai taɓa ba, ta bar wadda ta taɓa babu suna. Ga wani abin mamaki kuma. Daga fim ɗin One Hundred and One Dalmatians na 1961, aka koma ɗaukar layin fensir kai tsaye zuwa kan leda da injin Xerox, masu tawada da yawa suka rasa aikinsu. Ledojin wannan zamani su ne suke ɗauke da ainihin layin babban mai zane, da kaushinsa da ƙarfinsa, amma masu saye sun fi son na dā masu sumul.

Tauyewa ta uku ta bayyana sa'ad da kamfanoni da kansu suka shiga kasuwar. A watan Yuni na 1989 Disney ya ba Sotheby's zanukan Who Framed Roger Rabbit, fim ɗin da bai wuce shekara guda da fitowa ba, aka yi ciniki na fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. Amma a daidai wannan lokaci leda tana barin aiki. The Little Mermaid na 1989 shi ne babban fim na ƙarshe da Disney ya yi a kan leda. Daga 1990 masu zane suka ci gaba da fensir da takarda, amma tawada da fenti suka koma cikin kwamfuta. Saboda haka Beauty and the Beast na 1991 ba a ɗauke shi daga ledoji ba. Duk da haka a watan Oktoba na 1992 aka yi gwanjon zanukansa. Aka ɗauko zanen wuri na ainihi, aka sa masu fenti suka yi sababbin ledoji musamman domin sayarwa, aka ɗora a kai, aka sami fiye da dala miliyan ɗaya. A 1995 aka yi wa The Lion King haka, aka sami kusan miliyan biyu. Ba a ɓoye wa kowa ba, an rubuta gaskiyar a littafin gwanjon. Amma hujjar da aka kafa kasuwar a kanta, watau cewa wannan ledar ce ta tsaya a gaban kamara, ta faɗi a ranar, masu saye kuwa ba su fasa ɗaga hannu ba.

Daga nan sai kantuna suka cika da ledojin da aka yi domin bango kawai. Waɗansu an yi musu fenti da hannu guda ɗari-ɗari, waɗansu an buga su da inji dubu-dubu, kowace da hatimi da takardar shaida da lamba. Mutane masu matsakaicin hali suka zuba ajiyarsu a ciki, suna tsammani yadda ledar Donald ta tashi haka tasu za ta tashi. Ledar Donald ta yi tsada domin an wanke ƴan'uwanta sun ƙare, waɗannan kuwa kowa ya adana tasa a cikin firam. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kasuwar ta yi sanyi, a 2001 kuma aka rufe kantunan Warner Bros. da suke cikin manyan masu sayar da irin wannan kaya. Wanda ya saya domin yana son hoton bai yi hasarar kome ba. Wanda ya saya domin riba ya koyi cewa takardar shaida tana shaidar abin da aka rubuta a kanta ne kaɗai.

Akwai kuma abin da mai tayi ba ya son tunawa, cewa ledar ba domin daɗewa aka yi ta ba. Ta farkon, wadda aka yi amfani da ita har wajen 1940, mai saurin kama wuta ce, tana yin rawaya tana tattarewa. Wadda ta gaje ta ba ta kama wuta haka, amma in ta tsufa sai ta soma warin ruwan tsami, ta ƙanƙance, fentin ya tsage ya ɓantare. Zafi da laima da hasken rana suna hanzarta lalacewar, watau bangon falo ne wurin da ya fi cutar da ita. A 2009 cibiyar adana kayan tarihi ta Getty ta fara aiki tare da ɗakin ajiyar zanukan Disney domin gano yadda za a rage saurin wannan ruɓa. A irin wannan ɗaki ana ajiye zanukan fage guda a jere, a wuri mai sanyi, mai koyo ya iya bi daga na fari zuwa na ƙarshe. Gwanjo kuwa rarrabawa yake yi, wannan leda ta tafi Kanada, ta gaba da ita ta tafi Japan.

A ƴan shekarun nan akwai alamar gyara. Masu saye sun soma neman zanen fensir na manyan masu zane, da zanen wuri, da zanukan gwaji da ake yi tun kafin a fara fim, kuma ana sayar da su da sunan masu su. Mary Blair, wadda ta tsara launukan Cinderella na 1950 da Alice in Wonderland na 1951 da Peter Pan na 1953, yanzu da sunanta ake neman aikinta. Haka Eyvind Earle, mai dazuzzukan Sleeping Beauty na 1959. Tyrus Wong, ɗan asalin ƙasar Sin, wanda zanukansa suka ba dajin Bambi na 1942 kamanninsa, ya daɗe ba a san shi ba, sai da ya tsufa aka girmama shi, ya rasu a 2016 yana da shekara 106. Waɗannan zanuka cikakku ne a kan kansu, hannu ɗaya ne ya yi su, kuma ba sa bukatar motsi kafin a ga kyansu. A nan mudun gwanjo ya fi kusa da gaskiya.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen attajiran Amurka ne kawai, gama Nijar ma tana da gwaninta a wannan sana'a. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka ta kudu da Sahara. Ya je Kanada ya ƙara sani a wurin Norman McLaren, ya daɗe yana zaune a Tawa. A Bon Voyage Sim na 1966 ya zana shugaban ƙasar kwaɗi yana tafiya ziyarar aiki, da fareti da jawabai, yana yi wa sababbin shugabanni ba'a da ƴan layuka kaɗan. In ka tsai da hoto ɗaya daga ciki, kwaɗo ne kawai za ka gani, dariyar tana cikin tafiyar. Sa'ad da gidan tarihin zanen zamani na New York ya girmama shi a 2017, finafinansa aka nuna. Darasin da tarihin ledar Disney yake ba mu shi ne, takardu da zanukan masu irin wannan aiki a ƙasashenmu a tattara su wuri ɗaya tun da wuri, a rubuta sunan kowane hannu da ya sa a ciki tun masu tunawa suna da rai, a kuma adana fim ɗin kansa inda jama'a za su iya gani.

Wanda yake da hali kuma yana sha'awar saye, sai ya tambayi abu uku kafin ya taya: ko wannan zane ya yi aiki a fim ko domin kanti aka yi shi, wa ya zana shi, kuma ina zai ajiye shi da ba zai ruɓe ba. In ya saya, ya riƙe shi kamar amana, gama guntu ne na aikin mutane da yawa, kuma ya yarda masu bincike su gani. Sauranmu kuwa ba mu yi rashi ba. Orphan's Benefit bai kai minti goma ba. Yaron da ya zauna ya kalle shi daga fari zuwa ƙarshe, ya yi dariya sa'ad da agwagwar ta soma tsalle, ya karɓi aikin Dick Lundy da na matan sashen tawada da fenti cikakke, kamar yadda suka yi shi domin a karɓa.